Fitilun Teku a Rijiyar Balan

Da hantsi aka ga takalman Malam Abdulsalam a bakin rijiya, an jera su gefe da gefe kamar na wanda ya shiga masallaci. Shi kuwa tun da aka idar da sallar asuba babu wanda ya sake sa shi a ido.

Kamalu mahaƙin rijiya ne ya fara ganin takalman. Ya ɗauka tsohon ya ɗan zagaya ne, sai ya ɗaura igiya a ƙugu, abokan aikinsa suka zura shi ƙasa. Bai jima ba suka ji yana jijjiga igiyar da ƙarfi. Da suka jawo shi, ya buɗe musu tafin hannunsa. Wasu ƙananan duwatsu ne masu kama da makankari, kowanne bakinsa a rufe, bayansa da zane kamar an ja mataji a kai.

"Suna nan zube a ƙasa," in ji shi. "Jiya da na fito babu ko ɗaya."

Kafin a jima rabin Balan ya hallara. Kowa ya san Malam Abdulsalam ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki da masu binciken duwatsu a hamada da ƙasashen waje, ya dawo gida da tsufa da akwatunan da ba a san abin da ke ciki ba. Yakan ce akwai lokacin da Sahara take ƙarƙashin teku. Mutane sukan saurare shi don girmansa, in ya ba da baya su kalli juna. A bana ne ya sa aka fara tone tsohuwar rijiyar mahaifinsa, wadda aka cike fiye da shekara ashirin, don matan unguwa su huta da tafiya neman ruwa.

Ɗanladi, maƙwabcin da gonarsa ta haɗa iyaka da ta Malam, shi ya fi kowa magana.

"Na faɗa tun farko a bar rijiyar nan. Tana da masu ita. Yau ga shi sun aiko da kayansu, sun karɓi mutum. Ranka ya daɗe, a cike ta yau ɗin nan kafin su nemi na biyu."

Har wasu sun fara neman shebur. Mai unguwa ya ɗaga hannu, ya ce ba za a zuba ko cikin hannu na ƙasa ba sai an kira Datti daga Ajingi.

*

Datti ya haura sittin, siriri ne, ba shi da yawan magana. Tun yana saurayi yake bin sawun shanun sata da mutanen da suka ɓata, daga Ajingi har iyakar Jigawa. Da babur ya sauke shi, ya gaida mai unguwa, ya dubi bakin rijiya ya ga ƙafafun jama'a sun tattake komai. Sai ya ja baya can nesa, ya shiga zagaya wurin a hankali, kansa a sunkuye. An yi yayyafi kafin asuba, ƙasa ta yi laushi.

A bayan wata kuka ya tsaya.

"Mutum biyu suka zo," ya ce da mai unguwa. "Na gaba yana sanye da takalmin roba, yana sauri. Na baya tsoho ne mai sanda, yana laɓe-laɓe, yana bin na gaban. Amma mutum ɗaya ne ya koma. Dubi yadda sawunsa ya nutse a komawar. Ya ɗauko abu mai nauyi."

"Kana nufin Malam ba ya cikin rijiyar?"

"A kafaɗa aka bar nan da shi. Takalman ajiye su aka yi don mu gani."

Suka bi sawun ta cikin gero har burtali, hanyar shanu. A nan ya ɓace. Garke ya wuce bayan mutumin, ya shafe komai. A ɗaya gefen burtalin babu sawun mutum, sai na wani jaki mai tsagaggen kofato da ya yi gabas. Datti ya tsuguna ya jima yana kallonsa.

Samarin da suka biyo su kuwa sun riga sun yanke hukunci. Takalmin roba, ga burtali, ga shanu. Suka ce Yusuf ne, Bafulatanin da rugarsa ke bayan fadama, wanda kwanakin baya shanunsa suka taɓa wa Malam wake. Wani ya ambaci ashana.

"Wanda ya riga ni isa rugar nan," in ji Datti, "da shi za a fara shari'a."

*

Sun sami Yusuf yana ɗaure maruƙa. Datti bai tambaye shi komai ba da farko, ruwan sha kawai ya roƙa. Yusuf ya tafi bukka ya dawo da ƙwarya, Datti yana kallon ƙafafunsa, ba fuskarsa ba.

"Da asuba ka bi burtali?"

"Na bi, Baffa. Kullum nake bi."

"Ka ga wani?"

"Ban ga kowa ba, gari bai gama wayewa ba. Na dai ji kukan jaki a gabana." Ya karɓi ƙwaryar. "Maganar wake kuwa mun gama ta da Malam. Shi da kansa ya ce in rijiya ta yi ruwa in riƙa kawo shanu. Na ce masa na gode, amma ba za su zo ba. Tun ina yaro shanunmu ba sa son gefen rijiyar nan. In mun iso wurin sai su karkata, ko an doke su."

Da suka juyo, Datti ya nuna wa samarin sawun Yusuf a ƙasa. Takunsa dogo ne, dunduniya da ƙyar take taɓa ƙasa, ga tambarin sanda a gefe.

"Wanda muke nema gajeren taku gare shi, yana warwatsa ƙafa kamar mai bin kunyar gona. Manomi ne. Takalmin ma ya yi masa yawa, ƙafarsa na zamewa a ciki. Ya sa shi ne don ku yi tunanin da kuka yi."

Samarin suka koma kan Kamalu. Ai shi kaɗai ke shiga rijiyar, shi ya fito da duwatsun. Kamalu ya rantse, ya ce shi ba zai ƙara saka ƙafa a ciki ba. Datti ya miƙa hannu ya karɓi igiyarsa.

*

Suka koma bakin rijiya, aka zura Datti. Tun yana rabin hanya zafin rana ya yanke, sanyi ya kama shi a ƙafa. Muryoyin mutane suka koma kamar daga wani gari. Ƙasan rijiyar laka ce baƙa, ba ta kai ga ruwa ba, tana wani wari mai kama da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya kunna tocila. Duwatsun suna warwatse a kan lakar, bakunansu a rufe, kamar suna jiran ya yi magana. Sai da ya yi bisimilla kafin ya taɓa ɗaya.

Kowanne yana zaune a cikin ɗan ramin da ya yi wa kansa. Babu wanda ƙasa ta binne. Daga sama aka watso su.

Zai ja igiya ke nan hasken ya faɗa kan wani abu a wata kafa ta jikin bango, sama da kansa kaɗan, inda mai haƙa ba zai duba ba. Ya zaro shi. Shi ma dutse ne, amma ya bambanta da sauran: faɗi gare shi, gefe biyu sun miƙe kamar jemage ya buɗe fukafukai. Ya duba ko'ina, bai ga irinsa ba. Ya jefa shi a aljihu. Da ya fito aka tambaye shi abin da ya gani, ya ce laka.

*

Surayya, 'yar Malam, ta iso daga Gaya inda take koyarwa a sakandare. Ita ma ilimin duwatsu ta karanta. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta buɗe wa Datti ɗakin mahaifinta, su biyu kawai. An ɓalle tagar baya. Durowoyi masu yawa na wani dogon kabad suna buɗe, wasu an kwashe abin da ke ciki.

"Baba yana da ciwon suga," ta ce. "Bai karya ba, bai sha magani ba. In ya kai gobe a haka ban san yadda za mu same shi ba."

"Shi ya sa nake so ki gaya mini mene ne waɗannan."

Ta juye duwatsun Kamalu a kan tabarma.

"Halittun teku ne da suka mutu tun kafin a yi mutum a duniya, laka ta rufe su har suka koma dutse. A makaranta burakiyofod ake ce musu. Shi fitilun teku yake kiransu, don wasunsu sun yi kama da fitilar aci-bal-bal. Iri dubbai ne. Wasu sun zauna a ruwa mai ɗumi mara zurfi, wasu a mai sanyi. Kowane teku da nasa, kowane zamani da nasa. In ka ba Baba guda ɗaya zai gaya maka inda aka tsinto shi." Ta ɗauki wani ɗan dunƙulalle. "Wannan daga Ingila ya zo da shi."

Datti ya fito da na aljihunsa ya ajiye a gefe.

"Wannan fa?"

Ta ɗauka da hannu biyu. "A hamadar Aljeriya ya samo shi. Guda ɗaya ne tak yake da irinsa, ba ya nuna wa kowa. A ina ka gan shi?"

"A rijiyar."

"To ƙarya ce aka shirya. Tsakanin wannan da wancan akwai shekaru miliyan ɗari biyu ko kusa da haka. Ba su taɓa zama a teku ɗaya ba, balle rami ɗaya. Ƙasar Gaya ma ba ta da su. Wanda ya kwasa bai san bambancinsu ba, hannu kawai ya zura a durowa."

"Kada ki gaya wa kowa na samu wannan," in ji Datti.

Da ya fito, ya ga wata tsohuwa zaune a ƙofar gidan da ke daura da na Malam, tana ɓarar gyaɗa. Aka ce masa Inna Kubura ce, mahaifiyar Ɗanladi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta ko ta tuna lokacin da aka cike rijiyar.

"Na tuna mana. Shekarar da Auwaluna ya tafi cirani Kudu ce. Da safe yayansa Ɗanladi ya zo ya ce rijiya ta rufta cikin dare, shi ya tara mutane aka ƙarasa cike ta kada yara su faɗa." Ta ci gaba da ɓara. "Auwalu bai ko yi mini sallama ba. Yaro ne mai zuciya. Zai dawo in ya huce."

A bayanta, wani jaki ɗaure a turke yana cin ciyawa. Datti ya kalli ƙafarsa ta gaba, ya yi wa tsohuwar godiya ya tashi.

*

Bayan azahar mai unguwa ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Yusuf yana zaune a gefe ɗaya, Kamalu a ɗaya gefen, Surayya tana tsaye a bakin zaure. Datti ya ce shi aikinsa ya gagara, sawu ya ɓace masa a burtali. Abin da ya rage shi ne a yanke shawara kan rijiya, don haka kowa ya faɗi abin da ya sani.

Kamalu ya ce shi dai dunƙulallu ya gani, masu zane a baya. Ya shimfiɗa su a kan buhu, kowa ya leƙa. Wani dattijo ya ce ƙila a tofa addu'a a ci gaba da haƙa, tunda dutse dutse ne.

Ɗanladi ya miƙe tsaye.

"Dutse ne? Kun taɓa ganin dutse mai baki? Kun taɓa ganin dutse mai fukafukai kamar jemage yana fitowa daga rijiya? Me kuke jira, sai ya tashi sama?"

"Wanne ne mai fukafukan?" in ji Datti a hankali. "Nuna mana shi."

Ɗanladi ya sunkuya kan buhun. Ya juya wannan, ya juya wancan.

"Kamalu ne ya faɗa mini," ya ce.

"Ni ban taɓa ganin irinsa ba," in ji Kamalu.

Datti ya sa hannu a aljihu ya ajiye dutsen a kan buhun, nesa da sauran. Wata mata ta ja da baya.

"Ga shi. Ya maƙale a bangon rijiya lokacin da aka watso su. Ni na ciro shi, ban nuna wa kowa ba sai 'yar mai shi. Guda ɗaya ne a duk garin nan, kuma a kulle yake a ɗakin Malam har daren jiya. Mutum uku suka san yana cikin rijiyar nan, Ɗanladi: ni, da ita, da wanda ya jefa shi."

Ɗanladi ya zauna a ƙasa. Surayya ta matso gabansa.

"Kawu Ɗanladi, ka goye ni ina ƙarama. Ina Babana?"

Ya kafa wa ƙasa ido.

"Ku riƙe shi," in ji Datti. "Jakinsa ya riga ya faɗa."

*

Suka koma burtali, suka ɗauki sawun tsagaggen kofato. Ya bi ta gefen fadama, ya ratsa gonakin gyaɗa, ya nufi hanyar Ajingi. Inda ƙasa ta yi tauri Datti yakan bi karyayyar ciyawa. Yusuf ya biyo su da gorar nono ba tare da an ce ya zo ba.

Sawun ya ƙare a wani kufai da mutane suka tashi daga shi tun da daɗewa. Katangu sun zube, tumfafiya ta fito a tsakar ɗakuna. Ko tsuntsu babu. Rumbu ɗaya ne ya rage a tsaye, an ɗora masa sabon dutse a kan murfi.

Suna matsowa suka ji murya daga ciki, siririya, tana jero wasu kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Samarin suka tsaya cak. Surayya ce kaɗai ta ruga.

"Sunayen fitilunsa yake kira," ta ce. "Haka yake yi in ba ya son barci ya ɗauke shi."

Suka same shi a ɗaure hannu da ƙafa, jini ya bushe a gefen kansa, jikinsa sharkaf da gumi. Surayya ta tallabe shi, Yusuf ya ɗiga masa nono a baki kaɗan-kaɗan. Da ya iya buɗe ido sosai, bai tambayi inda yake ba. Hannun Datti ya kama.

"Na ji motsi a ɗakina kafin asuba. Bayan salla na gan shi da buhu, na bi shi. Da ya juyo ya gan ni sai ya fashe da kuka, yana roƙona in bar rijiyar. Na ce me ke ciki? Daga nan ban sake sanin komai ba." Ya nisa. "Kada ku bari a cike ta."

*

Washegari da safe 'yan sanda suka zo daga Gaya. Ɗanladi ya yi magana kafin a sa shi a mota, kansa a ƙasa. Ya ce a kan iyakar gonar gado suka yi faɗa da ƙanensa Auwalu a bakin rijiyar, ya kai masa duka ɗaya da ƙotar fartanya, bai sake tashi ba, ya jefa shi ciki. Da aka tambaye shi me ya sa bai kashe Malam ba, ya ce ya ɗaga dutse a cikin rumbun, hannunsa ya ƙi sauka.

Kamalu ya ce shi zai shiga, tunda shi ya fara. Bai yi haƙan da ya kai tsayin mutum ba digarsa ta taɓa abin da ba dutse ba. Ya ajiye ta, ya ci gaba da hannu. Aka zura masa farin ƙyalle a cikin guga.

Babu wanda ya iya zuwa ya gaya wa Inna Kubura. Ita ce ta fito da kanta, tana dogara sanda, jama'a suna buɗe mata hanya. Ta zauna a kan turɓayar da aka tono, ta kalli igiyar tana hawowa a hankali. Mai unguwa ya durƙusa a gabanta.

"Na ji," ta ce. "Tun jiya na ji a jikina."

Da ƙullin ya iso bakin rijiya, ta miƙa hannu ta dafa shi. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta dubi gidanta, wanda bai fi a yi kira daga nan a amsa ba.

"Kullum da safe nakan share ƙofar gida ina kallon hanyar Gaya," ta ce. "Ashe bayana na ba shi."

Ta gyara mayafinta, ta ce da liman a yi wa Auwalu sutura kafin rana ta yi zafi.